Yadda ake canza kwanbata a giyar otomatik, mataki-mataki, a kan Camry 2002 zuwa 2006

Kwanbata, wadda ake kira tok-kwanbata a gareji, ita ce ƙarfen nan mai nauyi, zagayayye, cike da man giya, da ke zaune tsakanin inji da giyabos. Aikin da kuloci yake yi a mota mai giyar hannu, shi take yi a otomatik. Notuna shida kacal ke riƙe ta, amma ba ka isa ka kai gare ta ba sai ka sauke giyar gaba ɗaya, don haka kuskure ɗaya a nan yana nufin a sake sauke giya, a sake sayen mai.

An ɗauki Toyota Camry mai inji 2.4, wato 2AZ-FE, wadda aka fi sani da Big Daddy. Ta 2002 zuwa 2004 tana da giya U241E mai hawa huɗu, ta 2005 da 2006 kuma U250E mai hawa biyar. Alƙaluman da ke ƙasa na wannan motar ne. Tsarin aikin kuwa kusan ɗaya ne a yawancin motocin da ke ja da tayoyin gaba, sai dai kowace mota da nata awon ɗaurin noti.

1. Tabbatar cewa ita ce

An sha canza kwanbata mai lafiya saboda laifin filogi. Ga alamomin da suke nata na gaskiya. Na farko, karkarwa tsakanin gudun kilomita 60 zuwa 80, lokacin da ka ɗan taka totur kaɗan a shimfiɗaɗɗen titi. Wannan shi ne lokacin da kulocin cikin kwanbata yake kamawa ya haɗa inji da giya kai tsaye. Gwada haka: karkarwar na farawa, kada ka ɗaga ƙafar dama, ka ɗan shafi birki da ƙafar hagu yadda fitilar birki za ta kama kawai. Kwamfutar motar za ta saki wannan kulocin nan take. In karkarwar ta ɗauke, zargi ya koma kan kwanbata ko man giya ko solinoyid ɗinta, wato bawul ɗin lantarki da ke sakin mai ya kama kulocin. In ta ci gaba, nemi filogi, kwayil, kan shaf na ciki ko injin-sit.

Na biyu, mota ta mutu duk lokacin da ka tsaya a giya D, kamar wanda ya manta bai taka kuloci ba. Na uku, ta yi nauyi ƙwarai wajen tashi daga tsaye amma ta yi lafiya lau in ta hau babban titi. Wannan alama ce cewa kuloci mai juyawa gefe ɗaya na sitato, wato fankar tsakiya ta cikin kwanbata, ya daina riƙewa. In kuma ya maƙale gaba ɗaya, tashi zai yi daidai, amma a doguwar tafiya motar ba ta sakin jiki, man giya kuma ya yi zafi har ya yi ƙauri. Na huɗu, ƙarar shuuu ko ƙarar niƙa a D da R wadda take ɗaukewa a P da N.

Sa na'urar kwamfuta ka karanta lambobin matsala da motar ta ajiye. P0741 tana nuna kulocin kwanbata ba ya kamawa yadda ya dace, amma lambar ba ta bambance tsakanin kwanbata da solinoyid da balbodi, wato akwatin hanyoyin mai da ke cikin giya. Solinoyid ana canza shi ta ƙasa ba tare da sauke giya ba, don haka a gwada shi tukuna.

Akwai gwajin tsaye kuma. A sa wa tayoyi huɗu waigi, a ja hanbirki, a danne birki da ƙafar hagu, a sa D, a taka totur har ƙasa, a karanta juyin inji a agogo, a kwatanta da abin da littafin motar ya ce. In ya yi ƙasa sosai, sitato ne ko inji mara ƙarfi. In ya haura, fibobin cikin giya, wato fayafayan kulocinta, su ne ke sulɓewa, kuma sabuwar kwanbata ba za ta gyara wannan ba.

Gargaɗi: gwajin nan kada ya wuce daƙiƙa 5. Bayan kowane gwaji a mayar N a bar inji ya yi minti ɗaya a silo don mai ya huce. Kada kowa ya tsaya gaban motar ko bayanta.

2. Buɗe kaskon mai kafin ka sayi komai

Kwance notin zubar da mai da alanki mai lamba 10, ka tari man a roba mai tsafta. Kimanin lita 3 da rabi zai fito. Daga nan ka cire kaskon ka duba gindinsa da maganaɗisun da ke ciki. Abin da ka gani a nan shi zai faɗa maka irin kuɗin da za a kashe.

Laushin baƙin ƙura mai kama da kwalli a jikin maganaɗisu abu ne da aka saba gani. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da kake ji a yatsa yana nufin boris ko haƙoran giya sun fara ci. Ƙura mai launin tagulla daga bushin take. Baƙaƙen gutsattsari da ƙaurin ƙuna daga fibobi ne. In man ya koma ruwan hoda mai kauri, ruwan lagireto ya shiga cikinsa, kuma ruwa yana ɓamɓare fibobin daga jikin ƙarfensu, na kwanbata da na giya duka.

In ka ga ƙarfe, ko gutsattsarin fiba da yawa, ko ruwa, canza kwanbata kaɗai asarar kuɗi ce. Dattin ya riga ya zagaya balbodi da famfo, sai dai a buɗe giyar a gyara ko a sauya ta. A gaya wa mai mota wannan yanzu, tun kafin a sauke komai.

3. Sayen kaya da lissafin kuɗi

Lambar giyar ka bi, kada ka bi sunan mota. Tana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, wajen da aka sa A/TM. Amma motocinmu da yawa an riga an sauya musu giya, don haka hanya mafi aminci ita ce ka ɗauki tsohuwar kwanbatar ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Ajiye su gefe da gefe. Faɗinsu, tsayinsu daga wajen noti zuwa bakin wuya, kaurin ɗan hancin da ke shiga bayan kuranshaf, tazarar ramukan noti, yawan haƙoran ciki, da yankan da ke bakin wuya, duk sai sun zo ɗaya. Kwanbatar inji mai silinda shida ba ta wannan ba ce, ko da ta yi kama.

In 'yar Beljiyam za ka saya, kifa ta a farar takarda ka ga man da zai zubo. Ja mai haske ake so. Girgiza ta, kada ka ji wani abu yana kwaramniya. Shafa wuyanta da farce, in farce yana maƙalewa a wani zane, za ta cinye sabon sil cikin ƴan makonni. Zura yatsu ko dogon filaya ka kama haƙoran sitato ka juya: gefe ɗaya ya tafi sumul, ɗaya gefen ya cije. In ya juya ko'ina, ko ya ƙi ko'ina, ajiye ta. Wadda aka bari a buɗe a ƙasa ƙura da ruwan sama suna shiga, ita ma ka wuce ta. Abin da ba za ka iya gani ba shi ne fibar kulocin ciki, domin a rufe take da walda. Shi ya sa sharaɗi ya zama dole. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, in na ɗaura ta yi karkarwa zan dawo da ita," a rubuta kwanakin a rasit.

Lissafin ya ƙunshi kwanbata, man giya lita 8 da ƙarin lita 2 na wanke kula, wato abin sanyaya man giya da ke cikin lagireto, sil ɗin famfon giya, sil biyu na bakin shaf, filta da gasket na kasko, sababbin notunan shaf biyu, kuɗin aiki na yini ɗaya zuwa biyu, da kuɗin saita tayoyi a ƙarshe. Farashin kaya yana bin dala, don haka a tambaya ranar da za a saya. Ka kuma tambayi kuɗin cikakkiyar giya 'yar Beljiyam, wadda galibi take zuwa da kwanbatarta. Kuɗin aikin sauke giya ɗaya ne a duka biyun, kuma in giyarka ta tsufa, wani lokaci bambancin bai kai a yi kasada ba.

Mai kuwa Toyota T-IV ne, haka aka rubuta a jikin sandar awon man. Ba kowane jan mai ne ya dace ba. Mai mara kyau ko jabu shi kaɗai yana jawo karkarwar da ake neman magancewa, don haka a saya a wurin da aka amince da shi, a duba hatimin murfi.

4. Kayan aiki da shirya wuri

Kana buƙatar jak babba, ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota, jak na giya ko jak mai faffaɗan katako da sarƙar ɗaurewa, da sandar rataye inji ko cen-bulok. Sai soket 10, 12, 14, 17 da 19, soket 30 mai kusurwa goma sha biyu na notin shaf, dogayen sandunan ƙari, abin ɓalle boljoyin, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, rular ƙarfe madaidaiciya, ma'aunin baniya, da mazurari mai dogon baki. Tanadi ledoji da alƙalami, notunan kowane wuri a ledarsu.

Gargaɗi: giyar nan ta haura kilo 70. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a kuma tokare ta da bulo, domin bulo yana fashewa ba sanarwa. Ƙasa ta zama daɓe. In turɓaya ce, a shimfiɗa katako mai kauri.

5. Aikin sama

Tun motar tana ƙasa, ɗaga lanƙwasar da ke bakin notin shaf na kowane gefe, wani ya danne birki, ka sassauta su. Sassauta notunan taya ma.

Cire kan batir na nagatif, sannan fozitif, ka fitar da batir da mazauninsa da akwatin iyakilina. Yanzu saman giya ya bayyana. Cire wayar canjin giya daga hannunta da maƙalinta, soket ɗin suwic mai gane P da N, soket ɗin solinoyid, na'urorin gudu biyu da ke saman giya, da wayar as, wato wadda ke haɗa giya da ƙarfen bodi. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa kowanne. Cire kik-sitata. Zare tiyo biyu masu kai mai lagireto, ka toshe bakinsu da leda mai tsafta. Kwance notunan sama masu haɗa giya da inji, ka bar guda biyu a sassauce. Rataye inji, ka ja har nauyinsa ya bar kan injin-sit.

6. Aikin ƙasa

Ɗaga mota, tokare ta, cire tayoyi da robobin ƙasa. Kwance tayarod da boljoyin na ƙasa, ja hob waje, zare kan shaf. In ya cije, mayar da tsohon noti a baki ka buga da guduma a kansa, kada ka bugi zaren shaf kai tsaye. Kula da wayar ABS da tiyon birki, kada nauyin hob ya rataya a kansu.

Shaf na hagu ana ɓalle shi da ƙarfe daga jikin giya. Na dama dogo ne, yana da boris a maƙali bayan inji, sai an cire zoben da ke riƙe da shi da notin kulle kafin ya fito. Kada a ja shaf daga waje da ƙarfi, kan ciki zai rabu a cikin robarsa.

Sauke bututun salansa na gaba. Kwance rak ɗin sitiyari daga gadon inji, wato kurosmemba, ka ɗaure shi sama da waya. Zana alama da fenti a inda gadon ya zauna a jikin bodi, ka kwance injin-sit, ka tare gadon da jak ka sauke shi a hankali. Wasu garejin masu na'urar ɗaga mota sukan sauke inji da giya tare a kan gadon, su raba su a ƙasa. Wannan ya fi sauƙin gani da aunawa, amma sai an zubar da ruwan lagireto an kuma cire wayoyin inji.

Gargaɗi: in har ka raba sandar sitiyari da rak, ɗaure sitiyarin da bel kada ya juya, in ba haka ba wayar iyabag da ke naɗe a cikinsa za ta tsinke.

7. Notuna shida na kwanbata

Wannan matakin ne masu gaggawa suke tsallakewa. A ƙasan mahaɗar inji da giya akwai ƙaramin murfi. Cire shi za ka ga filawil, wanda a otomatik faranti ne siriri. Sa soket 19 a notin fulin kuranshaf, ka juya inji ta hannun agogo har noti ya bayyana a tagar. Kwance shi da soket 14, juya, kwance na gaba, har shida. Lura da kyau, ɗaya daga cikinsu launinsa daban ne. Ware shi, zai yi amfani a mataki na 12. Bayan na shida ya fita, tura kwanbatar baya da yatsa ko bakin sukudireba, ta rabu da filawil.

Gargaɗi: kwanbata tare da giya take fita. In aka bar ta a jikin inji aka ja giya, nauyin giyar zai rataya a wuyanta, ya yaga sil, ya ci bushin famfo, wani lokaci ya karya haƙoran famfon.

8. Raba giya da inji

Sa jak a ƙarƙashin giya, ɗaure ta da sarƙa. Kwance sit ɗin giya na hagu, sassauta abin rataye inji kaɗan yadda ɓangaren giya zai sunkuyo. Cire sauran notunan. Akwai waɗanda suke shiga daga ɓangaren inji, kuma su ake mantawa. In giya ta ƙi rabuwa, koma ka ƙirga notuna kafin ka sa ƙarfe. Ja ta a miƙe har ta bar fil biyu na saiti, sannan ka sauke, bakinta yana ɗan kallon sama, wani ya dafe kwanbata kada ta zame. Ta fi kilo 10, kuma tana iya karya yatsun ƙafa.

A ƙasa, kafin ka zare tsohuwar, ɗora rula a bakin giya ka auna zurfin da take zaune, ka rubuta. Sannan ka kama ta da hannu biyu ka zaro a miƙe, da roba a ƙasa, domin akwai sauran lita biyu zuwa uku a cikinta.

9. Duba abin da ya bayyana

Goge filawil ka haska shi da tocila, musamman kewayen notunan tsakiya, nan yake tsagewa. Tsagaggen filawil yana ƙwanƙwasa kamar inji ya buga, kuma sau da yawa shi ne ainihin ƙarar da aka ɗora wa kwanbata. Duba haƙoran da kik-sitata ke kamawa. In akwai agogon awo, karkacewar filawil kada ta wuce milimita 0.20. In bayan filawil ya jiƙe da baƙin mai, sil ɗin bayan kuranshaf ne, canza shi yanzu tunda hanya a buɗe take.

Sil ɗin famfon giya kuwa a canza shi ko da bai zubar ba. Ɓalle tsohon ba tare da karce mazauninsa ba, buga sabon daidai da abu mai faɗinsa, shafa wa leɓensa man giya. Leƙa bushin da ke bayansa. In ya ci ko ya juya a wurinsa, sabon sil ba zai riƙe ba, sai an cire famfon. Canza sil biyu na bakin shaf, sa sabon filta, wanke kasko da maganaɗisu, ɗaure notunan kasko kimanin Nm 8 kawai a awon sifana mai auna ƙarfin ɗauri. In sun fi haka, gasket ya matse ya fara ɗiga. Tabbatar fil biyu na saiti suna jikin inji. In ɗaya ya ɓata, giya za ta zauna a karkace, ta ci bushin, ta tsaga filawil.

10. Wanke kular mai

Man da ya fito daga kwanbata kai tsaye lagireto yake zuwa ya huce, don haka duk dattin tsohuwar yana maƙale a can. Tura sabon man giya ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗayan, sannan a juya, a bi da iska mara ƙarfi, a maimaita har abin da ke fitowa a farin ƙyalle ya zama tas. In mai ba ya wucewa sosai, ko an ga ƙarfe, ko ruwa ya taɓa haɗuwa da mai, a canza lagireton. Tiyon da ya bushe ya tsattsage shi ma a sauya, da tiyon man giya, ba na ruwa ko na fetur ba. Motar da ke yini a cunkoson Kano a watan Afrilu, ƙara mata ƙaramar kula a gaban lagireto kuɗi ne da ba a yi asararsa ba.

11. Zaunar da sabuwar kwanbata

Duk aikin nan a wannan matakin yake gyaruwa ko ya lalace. Kwantar da kwanbatar wuyanta sama, ɗura mata kimanin lita ɗaya na mai a hankali, kana jira yana nutsewa. Shafa wa wuyan mai. Ɗaga ta da hannu biyu, ka zura ta a kan shaf ɗin giya a miƙe, kana tallafe da nauyinta kada ya kwanta a kan sil.

Abubuwa uku za ta kama, ɗaya bayan ɗaya: haƙoran shaf ɗin da ke shigar da ƙarfi cikin giya, haƙoran sandar sitato, sannan yankan wuyanta ya faɗa cikin kunnuwan giyar famfon mai. Kana juya ta, kana turawa a hankali, kana ɗan ɗaga hancinta. Za ka ji ta zurma, ta tsaya, ta sake zurmawa. Na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma nan ake yaudaruwa, domin bayan na biyu takan yi kamar ta gama. Wani lokaci biyu sukan shige tare, don haka ƙirga ƙara ba hujja ba ce. In ta ƙi, zaro ta kaɗan, juya, sake gwadawa. In da hali, a tayar da giyar bakinta ya kalli sama, nauyin kwanbatar zai taimaka. Guduma ba ta da aiki a nan ko kaɗan.

Hujja ita ce awo. A jikin inji, auna daga fuskar da giya ke manne wa zuwa fuskar filawil inda kwanbata ke zama. Kira wannan A. A jikin giya, ɗora rula a bakin, auna daga rular zuwa wuraren da notunan kwanbata ke shiga. Kira wannan B. Dole B ya fi A da aƙalla milimita 1. Kwatanta shi kuma da awon tsohuwar da ka rubuta. In bai kai ba, ba ta zauna ba, komai yadda ido ya gani. Wadda ta zauna daidai, da ƙyar yatsu suke shiga bayanta, kuma tana juyawa sumul.

Shafa ɗan giris a hancinta da ramin bayan kuranshaf. Ɗaura sifana ko guntun ƙarfe a ɗaya daga ramukan bakin giya ya tare ta, kada ta zamo lokacin ɗagawa. In ta zamo ko da kaɗan ne, a sake aunawa.

12. Haɗa giya da inji

Juya kwanbata yadda rami ɗaya zai yi daidai da ramin filawil a ƙasa. Ɗaga giya, daidaita tsayinta da karkatarta da na inji, cire abin tarewa, tura ta kan fil biyun. Fuskokin biyu su haɗu da ƙarfin hannu kawai, ba tazara. Duba kada waya ko tiyo su shiga tsakani.

Gargaɗi: in tazara ta rage kamar kaurin yatsa, kada a ce noti zai jawo ta. Wannan tazarar tana nufin kwanbata ba ta shiga famfo ba, kuma ɗaure noti zai murƙushe giyar famfon. Sakamakonsa mota ta tashi lafiya amma ta ƙi motsi a kowace giya, a sake saukewa, a ƙara da kuɗin famfo.

Sa notunan haɗi da hannu tukuna, kowanne a raminsa domin tsawonsu ya bambanta, sannan a ɗaure bisa awon littafi. Yanzu zura yatsa ta tagar ƙasa. Kwanbata ta juya ba takura, ta kuma matso gaba milimita kaɗan ta taɓa filawil. In ta matse ba ta motsi, tsaya, a sake saukewa.

Goge zaren notuna shida daga mai, ɗiga musu maganin kulle zare. Fara da mai launi daban ɗin nan, shi ne ke saita sauran ramukan. Sa duka shida a sassauce kana juya inji, sannan ka sake zagayowa ka ɗaure kowanne Nm 41. Notunanta na asali kawai za a yi amfani da su. Noti da ya fi tsawo yana tokarar bangon kwanbata ya lotsa shi daga ciki, daidai inda kuloci ke kamawa, sai sabuwa ta fara karkarwa tun ranar farko. Juya inji zagaye biyu da hannu ka saurara, kada wani abu ya goga.

13. Mayar da sauran kaya

A bi baya-baya. Gadon inji ya koma kan alamar fenti. Injin-sit a sa notunansu duka kafin a ɗaure ko ɗaya. Shafa wa bakin shaf mai, a kula kada haƙoransa su yanki sabon sil, na hagu a tura har zobensa ya kama, a ja a ji ba ya fitowa. Sabon notin shaf Nm 294, a lanƙwasa bakinsa cikin yankan. Notin taya Nm 103, notin zubar da mai Nm 49. Kada a sauke nauyin mota a kan taya alhali notin shaf bai ɗauru ba, boris ɗin hob zai lalace. Wayar as a kankare wurinta ta kama ƙarfe tsirara. Wayar canjin giya a saita ta a N, a tabbatar mota tana tashi a P da N kaɗai, fitilar ribas kuma tana kamawa a R.

14. Zuba mai da gwaji

Zuba lita 4 ta bututun sandar awo kafin a tayar. Tayar da inji a P, a bar shi a silo, kada a taka totur, a ƙara mai nan da nan domin famfo yana kwashe mai yana cika kwanbata da kula. Danne birki, bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya daga P zuwa L, daƙiƙa kaɗan a kowacce, ka dawo P. Duba sanda inji yana aiki, ka ƙara har ya kai alamar COOL. Leƙa ƙasa, bakin tagar filawil, bakin shaf biyu da mahaɗar tiyo.

Yi tafiyar minti 15 zuwa 20 har mai ya kai zafin aiki, digiri 70 zuwa 80. Tsaya a wuri mai daidai, inji yana aiki, a P, mai ya tsaya cikin alamar HOT. Jimillar abin da za ta sha yakan kama tsakanin lita 6 zuwa 8, gwargwadon abin da ya zuba. Kada a wuce alama. Mai da ya yi yawa yana kumfa, kumfa kuma tana sa giya sulɓi da zafi, don haka in ya haura a rage.

Goge tsofaffin lambobi da na'ura, ka share abin da kwamfutar giya ta haddace don ta koyi sabuwar kwanbata. Fita babban titi, riƙe kilomita 70 zuwa 80 da totur kaɗan. Za ka ga allurar juyin inji ta ɗan sauka ta tsaya cak, alamar kuloci ya kama. Shafi birki da ƙafar hagu, allurar ta ɗan hau, ka saki, ta koma. A na'ura, juyin inji da juyin shaf ɗin shiga giya su zo kusan ɗaya a wannan lokacin. In karkarwa ko P0741 ta dawo bayan mai ya cika daidai, a koma kan solinoyid da balbodi kafin a zargi sabuwar kwanbata.

Daga nan a kai ta saitin tayoyi, tunda an taɓa gadon inji da tayarod. Washegari da safe a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta a duba ɗigo. Jan mai daga tagar filawil sil ɗin famfo ne ko bushinsa, baƙin mai daga wurin kuma sil ɗin kuranshaf ne. In 'yar Beljiyam aka sa, bayan tafiyar kamar kilomita 1,000 a zubar da lita 3 da rabin kasko a zuba sabo, domin ragowar tsohon man da ta zo da shi ya fita.